Boksin Bakano Ta Sha Fenti

Zuwa ga bawana, Bakanon Gedambaliya. Gaisuwa irin ta ubangida da yaronsa, tare da fatan riɗi ya shiga buhu lafiya, kuma 'yan aiki sun karɓi haƙƙinsu ba ka rage musu ko sisi ba, ko da yake wannan na biyun fata ne kawai.

Labari ya iso mana Gadarif cewa ka yi abin da ba a taɓa jin Bakano ya yi ba. An ce ka zura hannu a aljihu, ba gobara ba, ba umarnin alƙali ba, ka zaro kuɗi ka kashe wa mota. An ce ruɓaɓɓun ƙofofin nan biyu sun sauka, an ɗora wasu, an kuma fesa wa boksin fenti tun daga goshi har wutsiya. Sai da masu kawo labarin suka rantse sannan na saka takalmi na je na gani da idona. Barka da arziki. Yanzu sai ka gyara zama ka ji abin da na gani.

Saboda masu karatu na Zariya da Maraɗi da ba su taɓa haɗuwa da ita ba, bari in gabatar da amarya. Boksi dai ita ce a-kori-kura a bakin mutanen Sudan. Ta Bakano Hilux ce ƙirar 1984, mai ƙofa biyu, wadda takardunta suka ce fara ce. Ta shigo ƙasar nan Numairi na kan mulki, ta ga saukarsa a watan Afrilun 1985, ta ga Suwar al-Dahab, ta ga Sadiƙ al-Mahdi, ta cinye shekara talatin ɗin Bashir tas tana nan tana tari. Ta sha mai da fam, aka koma dinari a 1992 ta sha da dinari, aka dawo fam a 2007 ta ci gaba da sha. Gwamnatoci sun zo sun wuce, ƙasar ma ta rabu biyu a 2011, amma robar tayar da ka ɗaure ƙofar direba da ita ba ta taɓa sauka daga muƙaminta ba.

Wanda bai taɓa shiga motar nan ba ba zai san girman rashin da aka yi ba. Ƙofar direba ba buɗe ta ake yi ba, kwance ta ake yi. Ta fasinja kuwa daga waje kaɗai take jin magana: sai ka zura hannu ta taga ka lalubo mariƙin, ka tallafe ta da gwiwa, ka yi bisimilla, sannan ka tura. Gindinta ya cinye har mutum na zaune yana kallon hanya tana gudu ta gefen ƙafarsa. Da damina ruwa ya shigo ta nan, da rani ƙura. Ni ganau ne ranar da kazar da ka sayo a kasuwa ta leƙa ramin, ta auna shi, ta fice abinta. Ka tsayar da mota a tsakiyar hanya ka bi ta da gudu jallabiya na tashi, ka bar ni ina neman dutsen da zan kara wa taya, don birkin hannu ya riga mu gidan gaskiya tun zamanin dinari.

Abin da nake so ka amsa mini shi ne yadda aka yi mota ta yi tsatsa haka a Gedambaliya. Da a Bur Sudan ko Sawakin take, inda iskar Bahar Maliya ke tafe da gishiri, ba wanda zai ga laifinka. Nan kuwa ruwa na sauka ne daga Yuni zuwa Oktoba, sauran watannin rana ce mai soya ƙarfe. Akwai motocin da suka girmi taka suna kai da komo tsakanin Gadarif da Doka da ƙofofinsu na asali. Saboda haka tsatsar nan ba daga sama ta faɗo ba. Noma ta ka yi, kuma ita kaɗai ce amfanin da bai taɓa ba ka kunya ba, ko a shekarar fari.

Ga yadda ka noma ta, tunda kai ba ka tambaya don kada a ce ka biya kuɗin shawara. Ƙofar mota ba a yi ta don ta hana ruwa shiga cikinta ba. Ruwan sama na bin gilashi ya gangara ta bakin robar taga ya sauka can ciki, shi ya sa masu ƙera ta suka bar 'yan ramuka a ƙasa, daidai inda fatar waje ta naɗe ta ciki, don ya tsiyaye. Muddin ramukan nan a buɗe suke, ƙofa ta bushe kafin la'asar. To kai shekara da shekaru guguwa na zuba ƙura a ciki, ƙaiƙayin dawa na bi, riɗi na bi, har suka toshe. Ruwan fari na sauka sai abin ya zama taɓo. Baƙar lakar nan tamu kuwa ka fi kowa sanin halinta: in ta sha ruwa ta kumbura ta riƙe shi, ba ta saki sai ta ga dama. Da wannan riƙon ne dawarka ke nuna bayan ɗaukewar ruwa, kuma da shi ne ƙarfen ƙofarka ke kwana cikin danshi kusan rabin shekara, yana cinyewa daga ciki, kai kana waje kana goge madubi da bakin rawani. Can sai ka ga fenti ya fara ƙuraje. Kafin ƙurji ya fito fili, aikin gama ya riga ya gama. Mai walda ya rantse mini cewa da ya kwance marfin cikin ƙofar fasinja ya tarar riɗi ya tsiro. Na ce ya ja bakinsa ya yi shiru, in ka ji za ka ce a lissafa maka shi cikin amfanin bana.

Ba a ma zo kan bayan motar ba, inda kake loda takin zamani da gishirin shanu da awaki masu fitsari, ba ka taɓa watsa mata ruwa ba, wai ruwan hafir, wato tafkin da ake tara ruwan sama, da tsada. Maganin ƙofofin nan kuwa guntun waya ne. Sau ɗaya a shekara kafin damina ka zunguri ramukan, ka ɗiga baƙin mai a ciki, shi ke nan. Kyauta ne. Har yau ina mamakin yadda aka yi abin kyauta ya wuce ta gaban Bakano bai tare shi ba.

Kuma abin kunyar, a Gedambaliya kake zaune. A filin nan aka fara noman damina da inji a duk faɗin Sudan, wajen 1944 zuwa 1945, lokacin da Turawan Ingila ke neman dawar da za su ciyar da sojojinsu na Gabashin Afirka, suka sauke taraktoci. Daga nan abin ya bazu. A 1968 aka kafa hukumar noman inji, ana yanka wa mutum gona mai feddan 1,000 ko 1,500, har Gadarif ta zama rumbun ƙasa, ga katafaren rumbun siminti da Rashawa suka gina mai cin tan 100,000, ga kasuwar amfanin gona inda ake gwanjon riɗin da ke tafiya ƙasashen waje. Wato shekara tamanin ke nan mutanen garinku na zaman tare da ƙarfe a cikin laka. Ƙaramin yaron da ke bin direban tarakta ya san in an gama shuka sai a kankare diski a shafe shi da mai kafin a jingine. Kai kaɗai ne wannan karatun ya tsallake.

Ban ga laifinka sosai ba, gado ne. Kakanninmu hanya ɗaya suka biyo, hanyar gabas da ta cika da jama'a bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta sauke Mai Wurno da mutanensa a bakin kogi kusa da Sinnar, wasu kuma suka zarce har nan. Kakana Bazazzagi ya taho da allo da tawada. Naka ya taho da mudu. Ya ce zai ɗan tsaya a Gadarif ya tara kuɗin jirgin Sawakin zuwa Jidda, ga shi har yau zuriyarsa na nan tana tarawa.

Mu koma kan sayen ƙofofin, don nan wasan ya fi armashi. Mai hankali in zai sayi ƙofar tsohuwar mota wurin 'yan tashlih, masu farke matattun motoci suna sayar da sassansu, gindinta yake fara dubawa. Ya kifa ta, ya bi naɗin ƙarfen da yatsa, ya ƙwanƙwasa ya ji ko ƙarar ƙarfe ce ko ta ƙasa, ya tabbatar ta gidan 1984 zuwa 1988 ce don ramukan kusoshi su dace. A da, masu hali kan jira kayan Sharja da ake saukewa a Bur Sudan. Na yarda tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 unguwannin masana'antu na Khartum suka watse, kayan gyara sun yi tsada, har kusoshi sai an yi ciniki. Amma kai ba ƙofa ka je dubawa ba, farashi ka je dubawa. An ce tun hantsi kake taya ƙofa ɗaya har aka kira azahar, ka je ka yi salla ka dawo ka rage tayin da ka yi da safe. Mai kayan ya sallama ne don ya samu ya ci abinci. Da a Ƙofar Ruwa ne a Kano, da 'yan uwanka sun ɗaga ka sama sun zagaya kasuwa da kai.

Abin da ka kwaso kuwa ƙofofi biyu ne daga gawa biyu. Ta hagu ja ce, ba laifi. Ta dama fara ce, ɗauke da tambarin wata ƙungiyar agaji, da alama cikin waɗanda suka cika gabashin nan lokacin yunwar 1984 da 1985. Riƙe maganar tambarin, za mu dawo kanta.

Samkarin da ka kai wa aikin, wato fanal-bita, mutumin kirki ne, kuma ya faɗa maka gaskiya. Ya ce ƙofa ba ta tsayuwa da kanta, a kan hinji take rataye, hinjin nan kuwa shekara arba'in yana ɗauke da nauyi, sandunansa sun side, ramukansu sun yi faɗi. Ya ce a sa sababbi, a duba ginshiƙin da suke kamawa ko shi ma ya ci, a rataya ƙofar a daidaita tazararta da jikin mota ta kowane gefe, a gyara maƙalin da harshen kulle ke kamawa, duk kafin a taɓa fenti. Ka tambayi kuɗin sandunan. Ya faɗa. Ka ce ai na da ɗin ba su yi ƙara ba. Ga shi yanzu sabuwar ƙofar direba ta sunkuyar da kai, sai an ɗaga ta an maka da ƙarfi take kamawa, kowace makawa kuma tana ɓantarar fenti a bakin. Makullan ƙofofin suna can tare da masu motocin na asali, Allah ya jiƙan wanda ya mutu a cikinsu, don haka aka walda maka ƙarfe aka rataya kwado irin na shagon hatsi. Robar tayar nan kuma na leƙa na gan ta a naɗe ƙarƙashin kujera. Ba ka sallame ta ba, hutu ka ba ta, don ka san za a sake kiran ta aiki kafin kaka.

Sai fenti. Duk wanda ya taɓa zama a bakin gareji ya san fesawa ita ce ƙaramar aiki, rabin yini an gama. Wahalar tana ƙasa. A kankare inda ya ci har sai farin ƙarfe ya bayyana. Inda ya huje a yanke a walda sabon falle, don tsatsa ba ta mutuwa in an rufe ta, ci gaba take yi a ɓoye. A shafa fentin share fage mai hana tsatsa. Sannan a kawo ma'ajun, abin da 'yan Najeriya ke kira fila, a shafa shi siriri, kaurin 'yan milimita, don a daidaita 'yan lotsawa kawai. A goge da samfefa mai kaushi, a bi da mai laushi, a sake share fage, a sake gogewa, tafin hannu na bin jikin yana neman tudu da kwari. Sai an gama wannan duka ake haɗa kala, a wuri mai rufi, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta.

Kai kuwa da aka yi maka lissafin walda sai ka ce a bar ta, a cika ramukan da ma'ajun. Inda ramin ya yi faɗi har ma'ajun na faɗawa ciki, aka cusa buhun leda aka shafe. Na je da ɗan maganaɗisun da na ciro daga tsohuwar rediyo, don shi ne alƙalin wannan shari'a: inda ƙarfe yake ya manne, inda ma'ajun ya yi kauri ya faɗi. Na fara daga fitilar gaba ina bi. A murfin inji ya kama. A ƙofar hagu ya kama. Daga bayan ƙofa har saman tayar baya kuwa ko sau ɗaya bai tsaya ba, sulalewa yake yi yana faɗuwa cikin ƙasa ina tsinta. Bawana, kashi ɗaya cikin uku na motar nan yanzu ba ƙera ta aka yi ba, gina ta aka yi. Hanyar gonarka kuwa in rani ya yi ƙasa ta tsage, kowane rami girgiza ne, ma'ajun mai kauri kuma ba ya lanƙwasa tare da ƙarfe. Zai tsage, ruwan Yuli ya shiga tsagar, ya kwanta a bayansa, wata rana ka ji tim, ka duba madubi ka hango gefen motarka a kan hanya.

Fesawar ma a gindin bishiyar maina aka yi ta, da rana tsaka, ana sussukar dawa a maƙwabta, iska na kaɗawa. Ka ce tina ta yi tsada a sirka da fetur. Na shafa murfin injin da hannuna, ƙaiƙayi ne da ƙananan ƙudaje birjik, kowanne an binne shi da fenti a inda ajali ya same shi. Ta fito kamar tsohuwar da aka kai gidan ƙunshi ba a yi mata wanka ba. Kuma da yake shafi biyu ka biya maimakon uku, fentin bai rufe ba. In rana ta karkata ta haske ƙofar dama, tambarin ƙungiyar agajin nan sai ya taso raɗau daga ƙasa. Shi ya sa ranar da ka shiga kasuwa yara suka biyo ka da kwanuka. A tarihin Gedambaliya wannan ne karo na farko da aka bi Bakano ana sa ran zai raba wani abu.

Abu ɗaya na yaba, shi ma ba kai ka yi ba. An ce da farko wani ragowar galan mai ruwan ƙasa ka ɗauko don an yi maka rangwame, mai fenti ya ƙi, ya ce ba da hannunsa ba. Allah ya yi masa albarka. A Sudan ta yau ba a wasa da boksi mai launin rairayi. Tun yaƙin Chadi da Libiya na 1987, wanda har sunan Toyota aka laƙaba masa, kowa ya san abin da ake yi da irin motocin nan in an ɗora musu bindiga, kuma mun ga yadda aka yi ta ƙwace su daga hannun masu su a Khartum, da Madani bayan faɗuwarta a Disambar 2023. Cikin baƙin da suka cika makarantu da gidajen Gadarif a lokacin akwai da yawa da suka iso a ƙafa, motocinsu na hannun wasu. Allah ya tsare garinmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amma ka sani, duk tsawon wannan tashin hankali ba wanda ya taɓa yi wa motarka kallo na biyu. Tsatsar nan da kake ƙi ita ce maigadinka, ba ta kuma taɓa neman albashi ba. Yanzu ka kore ta daga waje ka saka shuɗi mai ƙyalli, irin na ƙofar gida, don shi ne galan na biyu a araha. Takarda na cewa fara, ido na cewa shuɗiya. Ka tanadi bayanin da za ka yi wa 'yan murur, wato 'yan sandan hanya, da masu shingen bincike tsakanin garinku da Gadarif, ko kuwa ka je ka biya a gyara takardar, wanda na san a wurinka ya fi cire haƙori ciwo.

Da na gama da sama sai na durƙusa na leƙa ƙasa, abin da kai ba ka yi ba tun da ka saye ta. Laka ta shekaru ta daskare a kan shasi, na sa ƙusa na ɓanɓaro, ƙarfe ya biyo ta ɓawo-ɓawo, musamman inda sifirin na baya ke kamawa. Motar da aka yi don kayan da bai wuce tan guda ba kake ɗora wa buhun dawa ashirin, kowanne kusan kilo 90, sannan 'yan aiki su hau sama su zauna. Bututun birki ya yi tsatsa, ɗaya tayar na tsiyayar mai. Nan ya kamata kuɗin riɗin bana ya fara sauka, ƙofa ta biyo baya, fenti ya zo ƙarshe in an samu rara. Kai ka fara daga inda ido ke gani ka tsaya a nan. An rufe ƙofa da ɓarawo, har an saka masa kwado.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Bazazzagin da ko keke bai mallaka ba, kullum yana maƙale a bayan raksha, wato a-daidaita-sahu, shi ne zai koya wa mai mota gyaran mota. Gaskiya ne ba ni da ita. Amma raksha ba ta taɓa sa ni tura ta cikin taɓo daga gona har bakin kwalta ba, taka kuwa ta sa ni, ina tura kana ciki kana ba da umarni, da muka iso kuma ka ce in kawo kuɗin mai.

Saboda haka ga hukunci. Kuɗin sharar bara da na bana suna wuyanka, kada ka ce babu canji, ka turo ta manhajar Bankak. Ranar Juma'a in ka shigo Gadarif za ka saya mini agashe, ni zan zaɓi mai gashin, ni zan ce ya isa. Daga nan mu wuce wurin mai walda a ɗaga motar a duba shasi da birki, a sa sandunan hinji, ina tsaye kana biya. Tsofaffin ƙofofin kuma kada ka kai wa 'yan gwangwan, na ji an ce har ka fara tambayar nawa ake sayen kilo. Ka loda mini su a baya ka taho da su, garken awakina na neman ƙyaure. Ta fasinjan ma ta fi dacewa, don kaji sun riga sun san hanya.